Baƙon malamin Ingilishi a Dakoro: abin da ke jiransa kafin ya saba

Kundin sake gina ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Hakan ya ƙara wa malamin Ingilishi daraja, musamman a jihar Maraɗi da ke kan iyaka da Najeriya. To amma idan malamin baƙo ne da ya zo daga wata ƙasa, samo shi ba shi ne ƙarshen zance ba. Sauran aikin shi ne ya saba da gari, ya zauna har ƙarshen shekarar karatu.

Nijar ta daɗe da sanin irin waɗannan baƙi. A 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya kafa ƙungiyar ƴan sa-kai da aka fi sani a nan da Corps de la Paix, kuma a 1962, zamanin shugaba Diori Hamani, rukunin farko ya iso ƙasar don koyar da Ingilishi. Fiye da mutum 3,000 ne suka yi aiki a Nijar a fannonin ilimi da lafiya da noma, har da garuruwan jihar Maraɗi, kafin a dakatar da shirin a watan Janairun 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Darasin da suka bari yana da amfani har yau: ba a tura su gari sai sun yi makonni suna koyon Hausa ko Zabarmanci a Hamdallaye, kusa da Yamai. Da yawansu kuma mutanen gari sun raɗa musu sunan gida, suka amsa shi har suka gama shekara biyunsu.

Yau baƙon malami ya fi yiwuwa ya fito daga Najeriya ko Ghana. Ana iya zaton wanda ya zo daga Katsina ko Kano ba shi da wata wahala tunda yana jin Hausa, amma tun a kalmar farko zai iya yin tuntuɓe. A wurinsa Turanci na nufin Ingilishi, alhali a nan sau da yawa in an ce yaro ya iya Turanci, Faransanci ake nufi. Zai ji ɗalibai suna kiransa mushe, makaranta kuwa lakwal. Takardun ofis da taron malamai da katin sakamakon ɗalibai duk da Faransanci ake yin su, kuma maki a kan 20 ake ba da shi, ba a kan 100 ba kamar yadda ya saba a gida.

A cikin aji kuma akwai wani hawan. Ana fara Ingilishi ne a ajin farko na kolej. Yaron Dakoro kan zo da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci daga gida, ya yi shekara shida yana fama da Faransanci a firamare, sannan a ɗora masa harshe na uku. Idan littattafai sun yi ƙaranci, allo da alli ne kaɗai abin dogaro. Malamin da ya dage cewa ba zai furta komai ba sai Ingilishi yakan wayi gari yana magana shi kaɗai. Wanda ya yi dabara yakan ɗauko misali daga abin da yaran suka sani, kamar cinikin dabbobi, tafiya Jibiya ko saƙon waya daga ɗan'uwa da ke ci-rani a Legas, don su ga inda harshen zai yi musu rana.

A wajen makaranta, kasuwa ce jarrabawar farko. Ana lissafin kuɗi da dala, kowace dala kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jaka ɗaya sefa 1,000. Baƙon da bai gane wannan ba zai yi ta ruɗewa wajen mai nama da mai fura. Sai yanayi: Dakoro na arewa da Maraɗi, kusa da kwarin Tarka, inda ƙasar noma ke haɗuwa da ta kiwo. Yana fara aiki a watan Oktoba, hunturu da ƙurarsa su same shi a Disamba da Janairu, sannan a Afrilu da Mayu zafi ya haura maki 40, daidai lokacin da ake shirin jarrabawa. Ga ɗaukewar wuta, ga neman ruwa, ga kewar iyali.

Abin da ya fi saurin shigar da baƙo cikin jama'a shi ne gaisuwa. Wanda ya wuce majalisa bai yi sallama ba, ko bai je suna da gaisuwar rasuwa a unguwarsu ba, za a ɗauke shi mai girman kai ko da kunya ce ta hana shi. Malama mace kuma tana buƙatar wadda za ta nuna mata yadda ake sutura da shiga gidaje.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma tafiyar malami a tsakiyar shekara ba ƙaramar asara ba ce, musamman ga ƴan ajin ƙarshe na kolej da jarrabawar BEPC ke jira. Don haka akwai rawar da gari zai taka. Shugaban makaranta zai iya haɗa shi da wani malami ɗan gari da zai taimaka masa da takardun Faransanci, ƙungiyar iyayen yara ta nema masa masauki mai kyau, a kuma kai shi ya gai da mai unguwa tun a makon farko. Malamin da ya san yana da maƙwabtan da za su leƙo shi ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, shi ne aka fi sa ran zai dawo bayan hutu.