Dutsen Kwatarkwashi da kasuwar sanin daji

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta kama matasan biranen Arewa. Ranar Asabar a haɗu da sassafe, a bi ɗan jagora zuwa kan dutse ko gindin ruwan da ke zubowa daga tsauni, a dawo da hotunan da za a watsa a Instagram da TikTok. Mutanen Abuja sun mai da duwatsun da ke kewaye da su wurin motsa jiki, na Jos suna hawan Shere, Zazzagawa suna da Kufena, masu ɗan hali kuma su nufi Gurara a jihar Neja ko Matsirga kusa da Kafancan. Gusau ba ta rasa matasa masu wannan sha'awa ba, ba ta kuma rasa duwatsu ba. Ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu, tsaye bakin hanyar Funtuwa, da maɓuɓɓugar ruwansa. Ga duwatsun Tsafe, waɗanda ruwa ke gangaro musu ta kwazazzabai da damina. Duk da haka, a nan abin baya yake ci.

Dalili na farko ba ɓoyayye ba ne. A Satumbar 2021 sai da aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, saboda 'yan bindiga. A Satumbar 2023 aka kwashi ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu a Sabon Gida, cikin ƙasar Bungudu. Uban da ya ga haka ba zai sa hannu a takardar izinin fita yawon makaranta ba. Sai dai idan ana lissafin hasarar da wannan ya jawo, akan tsaya kan kuɗin otal da na mota, alhali waɗannan ba su taɓa yin yawa a nan ba. Hasarar da ta fi girma tana cikin kawunan mutane: mafarauci da makiyayi da mai ɗibar zuma da mai saƙe-saƙi, waɗanda suka san wace hanya ce ke ɓullewa bayan dutse, wane kogo ne ke riƙe ruwa har bazara, wane itace ne ke maganin me. Wannan sani haja ne, yana da farashi. A yau masu sayensa biyu ne kacal a Zamfara, dukansu kuma da bindiga a hannu: ɓarayin daji masu neman infoma, da jami'an tsaro tare da Askarawan da gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. Wanda aka san ya san daji ya zama abin tuhuma ga kowane ɓangare, don haka ya fi masa sauƙi ya kama bakinsa, kada ma ya koya wa ɗansa.

Agadas ta Nijar ta riga ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Shekaru da dama Turawa suna sauka can, 'yan jagora suna kai su tsaunukan Azbin, da magangarar ruwa ta Timiya, da rairayin Tenere. Tawayen da ya ɓarke a yankin a 2007, da sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit a 2010, suka kashe kasuwar. Direbobin ba su manta rijiyoyin hamada ba, motocinsu ma ba su ɓace ba. Da yawansu sai suka koma ɗaukar masu ƙetarawa Libiya, wasu suka nufi zinariyar Jado da aka gano a 2014. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta mai da jigilar baƙin haure laifi, har gwamnatin soja ta soke ta a Nuwambar 2023, amma a tsakanin ba a samar wa mafi yawansu wata sana'ar da ke buƙatar abin da suka iya ba. A tsibiran da suka ci moriyar dazuzzukansu akasin haka aka yi. A dajin Jozani na Zanzibar, wanda ya zama gandun ƙasa a 2004, ɗan jagora ne ke shiga da baƙo, ana kuma ba ƙauyukan kewaye kaso daga kuɗin ƙofa. A Sinharaja ta Siri Lanka, mai son ganin magangarun ruwa sai ya ɗauki mai rakiya, galibi ɗan yankin. Ruwan zai zubo ko da baƙo ko babu. Abin da baƙo ke biya shi ne mutumin da zai kai shi ya dawo da shi lafiya, kuma wannan kuɗin ne ke sa ɗan ƙauye ya ga amfanin barin itace a tsaye.

Mai ja zai ce Zamfara ba Zanzibar ba ce, ruwan Gusau bai cika kai milimita 1,000 a shekara ba, abin da ke gangarowa daga dutse a Agusta ya ƙafe kafin Disamba. Haka ne, kuma duk wanda ya zauna jiran Bature a Tsafe zai daɗe. Kasuwar ta cikin gida ce: ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi ta Gusau da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura Namoda, da 'yan sakandare da ke karanta labarin 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai, ba su taɓa taka wurin ba. Wani kuma zai kawo maganar addini, tunda sunan Kwatarkwashi ya daɗe haɗe da al'adun Maguzawa irin su kamun maiki da wasan baura, ga shi jihar tana bin shari'ar Musulunci tun 2000. Wannan bai da ƙarfi sosai. Dutsen Dala ma mazaunin Barbushe ne a tarihin Kano, Kanawa kuwa suna hawansa ba wanda ya tuhumi imaninsu, domin ba da labarin abin da kakanni suka yi daban yake da aikata shi.

Suka mafi nauyi ita ce ta uku: a ƙasar da manomi ke biyan ɓarayi haraji kafin ya girbe gonarsa, zancen hawan dutse zancen ƙoshi ne, kuma ladan rakiya ba zai taɓa yin gogayya da kuɗin fansa ba. Ba a musun wannan, kuma tura matasa kan dutse a yau wauta ce. To amma aikin da ya fi gaggawa ba ya buƙatar kowa ya fita gari. Masarautun Kwatarkwashi da Bungudu da Tsafe sun san sarakunan dawa da tsofaffin mafarautansu ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ma rikicin ya koro su cikin gari. Malaman tarihi da na labarin ƙasa a jami'ar Gusau za su iya zama da su, a naɗi muryoyinsu, a rubuta sunayen kwazazzabai da maɓuɓɓugai da itatuwa, a ajiye taswirar hanyoyin a wurin da ba za ta faɗa hannun ɓarayi ba, a kuma biya su ladan zaman, komai ƙanƙantarsa. Filin jirgin saman Gusau da aka fara ginawa a 2024 aiki ne na ɗan kwangila da kuɗi kawai. Waɗannan tsofaffi kuwa wasunsu sun shekara biyar ko fiye ba su taka dajin da suka girma a ciki ba, 'ya'yansu kuma suna acaba a Gusau.