Wane Magagari Ya Dace da Sarƙar Injin Zarto?

'Yan'uwanmu da yawa a zangunan Kumasi, Sunyani da Techiman suna neman abinci da injin zarto, wasu wajen share gonar koko, wasu wajen yanka itacen girki da na gawayi. Galibi hankalinsu yana kan mai da gyaran inji, alhali kuwa sarƙa ce ke yin yankan. Idan ta dakushe, inji zai sha mai, mai aiki ya jigata, kuma haɗari ya ƙaru.

Gane dakusasshiyar sarƙa ba wuya. Mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, tana shiga itace da kanta. Wadda ta dakushe gari take fitarwa kamar dusa, sai an danna ta da ƙarfi, wani lokaci har da hayaƙi.

Abu na farko wajen zaɓen abin wasawa shi ne sanin girman sarƙar, kuma akan rubuta shi a jikin ƙarfen da take zagayawa ko a kwalinta. Ƙaramar sarƙa mai lamba 3/8 ta ƙananan injuna tana son zagayayyen magagari mai kaurin milimita 4. Mai lamba .325 tana son 4.8. Babbar 3/8 tana son 5.2 ko 5.5, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. Ita kuwa .404, irin ta babban injin nan Stihl 070, sai 5.5. Magagarin da ya yi siriri yakan bar bakin haƙori da ƙugiya mai saurin karyewa, wanda ya yi kauri kuma ba ya ba shi kaifi.

Magagari shi kaɗai ya fi araha, amma yana buƙatar gwanin hannu. Ga mai koyo, gara ya haɗa da maƙalin da ake ɗaura shi a kai, mai zanen layi da ke nuna karkatar digiri 30, wadda ita ce ta yawancin sarƙoƙin yankan gicciye. Sarƙar tsaga katako digiri 10 ake ba ta, sai dai a tuna tun 1998 dokar Ghana ta hana tsaga katako da injin zarto don sayarwa.

Injin wasawa na lantarki ya fi dacewa da mai shago da ke karɓar sarƙoƙi da yawa, ko sarƙar da ta ci dutse. Yana cin ƙarfe sosai, kuma in aka daɗe a kan haƙori sai ya yi zafi, ya koma shuɗi, ƙarfinsa ya lalace. A daji kuma babu wuta.

Kada a manta da shafaffen magagari da ma'auninsa. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu mai ƙayyade zurfin yanka, wanda a yawancin sarƙoƙi ya kamata ya gaza haƙori da milimita 0.65. In aka rage shi fiye da kima, inji yakan yi tsalle ya komo kan mai riƙe da shi.

Saboda haka, jama'a, in za a je kasuwa a tafi da sarƙar ko kwalinta. A kashe inji, a sa safar hannu, a riƙa tura magagari gaba kawai, daga ciki zuwa waje, kowane haƙori a yi masa daidai da ɗan'uwansa. Sau biyu ko uku duk lokacin da aka zuba mai ya fi jira sai ta mutu. Rigakafi ya fi magani.