Ciwon Fiffiken Kifin Kiwo: Alamunsa Da Maganinsa

A da, kifi ba abin kiwo ba ne a ƙasar Katsina. Mutumin Kafinsoli ko Kusada in ya yi marmarinsa, sai ya jira fatake su kawo banda daga Yawuri ko Haɗeja ko bakin Tafkin Cadi, ko kuwa ya jira damina ta cika fadama yara su kamo tarwaɗa. Da aka gama madatsar ruwa ta Zoɓe a kan kogin Karaɗuwa, kusa da Dutsin-Ma, cikin 1983, ɗanyen kifi ya matso kusa. Yau kuwa al'amarin ya wuce nan. Ana zuba 'ya'yan tarwaɗa cikin tankin roba ko na siminti a bayan gida, a ciyar da su wata huɗu zuwa shida, a sayar. Waɗansu attajirai kuma su kan ajiye ƙananan kifayen ado cikin akwatin gilashi a ɗakin baƙi. To, kifin ciniki da kifin ado ciwonsu ɗaya ne, kuma galibi ga fiffike da wutsiya ya ke fara bayyana. Wanda ya iya karanta fiffike ya kan tsirar da jarinsa. Wanda bai iya ba, ya kan wayi gari ya tarar da su ciki sama.

Abu na farko da ya wajaba a sani shi ne asalin ciwon. Kifin gulbi ruwansa gudu ya ke yi, yana tafiya da ƙazanta. Kifin tanki kuwa cikin ruwan da ya ke numfashi, nan ya ke ba-haya, nan kuma saurar abincinsa ke ruɓewa. Daga nan wata guba ke taruwa, wadda masana ke kira amoniya. Ba ta da launi, ruwa na iya zama garau alhali tana ciki. Santsin nan da ke jikin kifi shi ne rigarsa, tarwaɗa kuwa da ya ke ba ta da ɓawo, ba ta da wata kariya sai shi. In ruwa ya ɓaci kifi ya kan raunana, rigar ta kasa tsare shi, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Su ƙwayoyin nan dama suna cikin ruwa kullum, jiran rauni su ke yi. Ruwa ba ya tsami banza: duk tankin da fiffike ya fara lalacewa cikinsa, a fara tuhumar ruwan tun ba a tafi neman magani ba.

Lalacewar fiffike iri huɗu ce, ko wace da alamarta.

Ta farko, rauni. Fiffike ya yage, amma bakin yagewar tsaf ya ke, ba fari ba ja, kifi kuma yana cin abincinsa. Wannan cizo ne, ko kaifin raga, ko garajen kamu. Tarwaɗa ba ta girma bai ɗaya, babba kuwa ya kan ciji ƙarami, har ya haɗiye shi. Maganin wannan a riƙa tace su, manya dabam ƙanana dabam, a rage cunkoso. Cikin ruwa mai tsabta raunin ya kan warke da kansa.

Ta biyu, ruɓewa. Bakin fiffike ya yi fari-fari, sa'an nan ya zare kamar tsohon tsumma, gindinsa ya yi ja, ƙasusuwan su tsaya tsirara kamar tsintsiya. Gashin bakin tarwaɗa ma ya kan gutsure. Wannan aikin ƙwayoyin da ido ba ya gani ne, irin su Aeromonas da Pseudomonas, da wata da a ke kira kolumnaris, wadda wani masani mai suna Davis ya bayyana cikin 1922 ga kifayen kogin Misisifi a Amurka. Kolumnaris ta fi tsanani da bazara, sa'ad da ruwa ya ɗumama, tana iya kashe kifi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ta uku, wani abu fari kamar auduga ya tsiro bisa fiffike ko bisa wani miki. Wannan ya yi kama da furfurar da ke hawa abincin da ya kwana biyu, kuma ba ya kama lafiyayyen jiki, sai inda rauni ya riga ya buɗe. Lokacinsa hunturu. Tarwaɗa ta fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30, sanyin Disamba da Janairu kuwa a ƙasar Kankiya ya kan sa ruwan tanki ya yi ƙasa da haka da dare. Sai a rufe tanki da leda ko zana in rana ta faɗi, a bar ƙofar iska, kada kuma a sake ruwa da asuba.

Ta huɗu, fararen ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa gishiri, kifi yana goga jikinsa ga bangon tanki. Wannan wani ƙanƙanen ƙwaro ne, wanda Bafaranshe Fouquet ya bayyana cikin 1876. Muddin yana ƙarƙashin fata magani ba ya kai gare shi. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan tanki, ya rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su tashi neman kifi, a sa'an nan ne kaɗai magani ke cin su. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce. A zarce da magani kwana 10 zuwa 14.

Amma tsarin magani, ga shi bi da bi. A tsame matattu nan take a binne, kada a jefa wa sauran su ci. A ware masu ciwo cikin wani mazubi, da ragarsu da bokitinsu dabam. A tsai da abinci kwana ɗaya ko biyu, gama yunwar kwana biyu ba ta kashe babban kifi, saurar abinci kuwa tana ƙara guba. A zubar da sulusin ruwa ko rabinsa, a share dattin ƙasa, a cika da sabo, a maimaita kullum har kifi ya murmure. In ruwan famfo ne, a bar shi a buɗe kwana ɗaya, maganin da aka zuba masa ya fita. Kana a sa gishiri, giram 2 zuwa 3 ga ko wace lita, watau kilo 2 zuwa 3 ga tanki mai cin lita 1,000. Ga akwatin gilashi, ƙaramin cokalin shayi a shafe ya ishi lita 2. A narkar da shi cikin bokiti tukuna, a zuba kaɗan-kaɗan, in an sake ruwa a mayar da gwargwadon na ruwan da aka zubar kawai, domin gishiri ba ya tashi da kansa. Alamar sauƙi ita ce ja ya ɓace, wani bakin fata mai haske ya fara tsirowa. In ruɓewar ba ta kai ga tsoka ba fiffike ya kan komo cikin makonni, in ta kai kuwa sau da yawa ba ya komowa.

Akwai tarko a nan wanda ya cinye kuɗin mutane da yawa, shi ne fasa kafso na mutane a zuba cikin ruwa bisa ƙiyasi. In ruwa bai gyaru ba wannan ba ya tsinana kome, sai dai ya koya wa ƙwayoyin jure magani. In an yi kwana uku ana gyaran ruwa da gishiri mutuwa ba ta tsaya ba, a ɗauki kifi mai ciwo da ransa a kai wa likitan dabbobi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa cikin 2011, tana da sashen ilmin kifi, akwai kuma cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa, wadda ta samo asali cikin 1968 a bakin Tafkin Kainji. In likita ya ba da magani cikin abinci, akwai kwanakin jira kafin a sayar. A Amurka an yanka kwana 21 ga tarwaɗar da aka ba oksitetarasaikilin. Wanda ya kai kasuwa kafin wa'adi, ko ya yi bandar mai ciwo don hayaƙi ya rufe aibi, ya san hukuncin ɓoye aibi cikin ciniki, ba sai an tuna masa ba.

Daga ƙarshe, mai sayen 'ya'yan kifi ya duba fiffike da gashin baki kafin ya biya, ya kuma ajiye baƙin kifi dabam mako biyu ko fiye kafin ya gama su da na gida. Tsuntsun da aka sa a keji da kifin da aka sa a tanki hakkinsu ɗaya ne bisa wuyan mai su, tun da ba su da ikon neman wani wuri. Allah ya sa albarka ga sana'a, amin.