Samar da Makamashi daga Shara: Wace Hanya ce ta Dace da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa juji ba wurin asara ba ne. Tun kafin zuwan takin zamani, manomi kan kwashi bola a mangala ya kai gona da rani, domin ƙasa ta sami ƙarfi kafin saukar damina. A yau kimiyya ta ƙara wa shara wata daraja, wato samar da makamashi. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, waɗanda ke kudancin Jihar Katsina kuma suke mazaɓa guda ta Majalisar Wakilai, yanki ne na noma da kiwo mai fama da ƙarancin wutar lantarki. Saboda haka ya kamata a tantance hanyar da za ta amfane su.

2.0 Hanyar Ƙonawa

A wannan hanya ana ƙona shara cikin babbar tanderu, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke haifar da lantarki. Misalinta a Afirka shi ne tashar Reppie ta birnin Addis Ababa na Habasha, wadda aka buɗe a 2018 kusa da jujin Koshe, inda zaftarewar tsibin shara ta halaka mutum fiye da 100 a 2017. An tsara ta ne don ta ƙona kimanin tan 1,400 a kullum. Irin wannan tasha tana buƙatar jari mai yawa da busasshiyar shara wadda ba ta yankewa. Sharar garuruwan karkara kuwa cike take da toka da yashin tsakar gida, waɗanda ba sa cin wuta, ga kuma jiƙewa da damina.

3.0 Hanyar Ruɓarwa

Hanya ta biyu ita ce a zuba abin da ke ruɓewa, kamar kashin shanu, dattin kwata da ragowar kayan gwari, cikin rufaffen tanki da iska ba ta shiga. Ƙwayoyin bakteriya su narkar da shi, su fitar da iskar gas wadda fiye da rabinta metan ce mai kama wuta. Da ita ake girki, ko a tayar da janareta. Zafin ƙasar Hausa yana taimaka wa wannan aiki, kuma kasuwannin dabbobi irin ta Sheme a Faskari suna tara abin da ake buƙata. Sharaɗinta shi ne a ware leda da ƙarafa tun daga gida, a kuma tanadi ruwan damawa.

4.0 Kammalawa

Ƙonawa tana cinye takin da gonakin masara da dawa suka dogara da shi, ta bar toka. Ruɓarwa kuwa tana ba da gas, sannan ta mayar wa manomi taki mai kyau. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ƙofa a buɗe take ga gwamnatin Katsina. Abin da ya fi dacewa da waɗannan garuruwa shi ne ƙananan tankunan gas a kwata, kasuwanni da makarantun kwana, inda shara ke taruwa kullum kuma ake sayen itacen girki da tsada.