Akori-kurar dizal da ɗakin tafi-da-gidanka: kafin ka biya, buɗe ƙofar direba

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, duk wanda ya hau manyan titunan Amurka ranar Juma'a da yamma zai ga abin da ba mu saba gani a gida ba: akori-kura tana jan ɗaki guda a bayanta. Ɗaki ne sosai a kan tayoyi, da gado, da murhun girki, da firiji, da banɗaki, da tankin ruwa. Magidanci ne ya kwashi iyalinsa sun nufi bakin tafki ko gandun daji, su yi kwana biyu su dawo. Wasu tsofaffin da suka yi ritaya ma sayar da gidan suke yi ɗungurungum su tare a cikin ɗakin, su ci hunturu a Arizona ko Florida, in zafi ya yi su haura arewa. Mafi yawan ɗakunan nan a jihar Indiana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa.

A ƙasar nake zaune, kuma ina cikin masu jan irin wannan ɗaki, shi ya sa 'yan'uwa kan neme ni in ba su shawara. Tambayarsu kusan ɗaya ce kullum: Ford zan saya, ko Ram, ko Chevrolet? Nakan ce musu su ajiye sunan kamfani tukuna, shi ne abu na ƙarshe da za mu duba.

Bari dai mu fara da dalilin da ya sa hankalin mutane ke komawa ga dizal. Injin dizal yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, ba sai ya yi ta kururuwa ba. Idan ka tashi daga tsaye da tan huɗu ko biyar a bayanka, ko ka kama hawan tudu mai tsawo, wannan ƙarfin murɗa taya shi ne abin nema. Lita guda ta dizal kuma ta fi lita guda ta fetur amfani, saboda haka in ana ja, ka fi daɗewa ba ka shiga gidan mai ba. Wanda bai taɓa ƙoƙarin kutsa mota da ɗaki mai tsawon mita tara cikin ƙaramin gidan mai ba, ba zai gane darajar wannan ba.

Amma ni abin da ya fi burge ni ga dizal, gangara ce. A jihar Colorado, babban titi mai lamba 70 ya ratsa ta cikin dutse a ramin Eisenhower, sama da mita 3,400 daga matakin teku. Kana fitowa ta yamma sai gangara ta kusan kilomita 11 zuwa garin Silverthorne, mai tsananin saukar da ta kai kashi 7 cikin 100. A gefen titin an tanadi wasu hanyoyi masu hawa sama, cike da tsakuwa, domin babbar motar da birkinta ya ƙone ta afka ciki ta tsaya. Kana sauka kana jin ƙaurin birkin wasu. A akori-kurar dizal akwai wani maɓalli da ake dannawa, sai injin ya riƙe hayaƙin da ke fita ta salansa, ya mai da kansa birki. Za ka ji ƙararsa ta sauya, ta yi kauri, motar ta daina gudu da kanta, ƙafarka tana gefe ba ta taɓa komai ba. Birkin taya yana nan da sanyinsa har ka iso ƙasa. A hawa ma haka ne: iska ba ta da kauri a can sama, injin fetur marar turbo sai ya yi laushi, shi kuwa dizal turbonsa na cusa masa iskar da yake bukata.

Injunan da ake magana uku ne. Ram na ɗauke da Cummins mai silinda shida a jere, kuma tun 1989 suke tare. Chevrolet da GMC na da Duramax mai lita 6.6, wanda ya fito a 2001 da haɗin gwiwar Isuzu na Japan. Ford kuma na da Power Stroke mai lita 6.7, wanda ya fara ƙera wa kansa a 2011. Cummins na 1989 ƙarfin doki 160 gare shi. Power Stroke mafi ƙarfi na 2023 ya kai 500. Kowannensu yana da masoyan da za su kwana suna musu a kansa. Gaskiyar magana, a yau babu ɗaya daga cikin ukun da zai gaza jan ɗakin da iyali ke kwana ciki. Matsalar a wani wuri take.

Dillali zai nuna maka babbar lambar da ke cikin talla, ya ce motar nan tana jan tan kaza. Ba ƙarya ya yi ba. Akwai gwajin da kamfanoni ke bi kafin su rubuta lambar, har da hawan wani tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a Arizona, tafiyar kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota a kunne. Sai dai a gwajin mutum biyu kacal ake lissafawa a cikin motar, kowanne kilo 68, bayanta kuma wayam. Kai kuwa ba haka za ka yi tafiya ba.

Jaki yana jan amalanke mai nauyin da in aka ɗora masa a gadon baya sai ya durƙushe. Ja daban, ɗauka daban, kuma ɗakin tafi-da-gidanka yana bukatar duka biyun. Gabansa yana danne bayan motar a wurin da aka maƙala su, kuma dole ne ya danne. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ɗakin ya sauka a kan maƙalar. Idan ya gaza haka, da zarar tirela ta wuce ka ko iska ta bugo daga gefe, sai ɗakin ya fara lilo, dama da hagu, yana ƙaruwa har ya fi ƙarfin sitiyari. Yawancin ɗakunan da ake gani kwance a gefen titi, da wannan lilon suka fara.

To, buɗe ƙofar direba ka sunkuya. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai 'yar takarda a manne, fara da rawaya, wadda ke faɗin iskar da ta dace da tayoyi. A samanta akwai layi ɗaya da ke cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce kilo kaza. Wannan lambar ta motar nan ce ita kaɗai, da kujerunta na fata da rufinta na gilashi da duk wani ƙyale-ƙyalen da aka ƙara mata, domin kowane ɗaya an cire nauyinsa daga abin da za ta iya ɗauka. Motoci biyu masu suna ɗaya a fili ɗaya, sai ka tarar da bambancin ɗaruruwan kilo a tsakaninsu.

Mu ɗauki misali. Ɗakinka da kayan ciki, da ruwa a tanki (kowace lita kilo guda ce), da tukwanen gas, ya kai kilo 3,600. Kashi 13 na wannan, wajen kilo 470 ke nan a kan maƙala. Ƙarfen maƙalar kansa, irin mai sanduna biyu da ke mayar da wani nauyi kan tayoyin gaba, sa masa kilo 40. Kai da uwargida da yara uku, mu ce 300. Janareta, kekunan yara, kular abinci da itacen hura wuta a baya, 120. Jimla 930. Ƙananan akori-kura da ake kira masu rabin tan, irin su F-150 da masu lamba 1500, da yawa daga cikin masu ado takardarsu ba ta kai haka ba, alhali tallarsu ta ce za su ja fiye da ɗakin naka.

Sai ka ce to bari in hau mataki na gaba, in sayi F-250 ko mai lamba 2500, in sa dizal. A nan ne mutane da yawa ke mamaki. Injin dizal da kayan da ke biye da shi sun fi na fetur nauyi da kilo 300 ko fiye, kuma da yawa daga cikin motocin wannan aji, musamman na shekarun baya, an ƙayyade jimlar nauyinsu a kilo 4,536. Duk abin da inji ya ci, daga rabonka aka cire. Sai ka ga motar da ta fi kowa ƙarfin ja, abin da ya rage mata na ɗauka da ƙyar ya haura lissafin da muka yi. In kuwa ɗakinka irin manyan nan ne da ake maƙalawa a tsakiyar bayan mota, waɗanda ke sauke kusan kashi 20 na nauyinsu a kanta, to maganar 2500 mai dizal ta kusa ƙarewa. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya ƙudurta sayen dizal ya duba F-350 ko mai lamba 3500 mai tayoyi ɗai-ɗai a baya. Girmansu ɗaya, injinsu ɗaya, bambancin kuɗinsu kaɗan ne, amma takardar ƙofarta ta fi yalwa nesa ba kusa ba.

Kada kuma ka yarda da nauyin da aka rubuta a littafin ɗakin, na ɗaki ne wayam kafin a sa masa ko cokali. A manyan tashoshin direbobin tirela akwai sikelin da kowa ke iya hawa da kuɗi kaɗan. Faranti uku ne a jere: tayoyin gaba a na farko, na baya a na biyu, na ɗakin a na uku. Ka miƙa hannu ka danna maɓalli, a amsa maka ta lasifika, ka shiga ciki ka karɓi takarda. Ka sake hawa da motar ita kaɗai, ka debe wannan daga wancan. Duk wata gardama a nan take mutuwa.

Saura maganar aljihu. Zaɓen dizal a sabuwar mota yana ƙara wajen dala dubu 10. Man dizal a Amurka yakan fi fetur tsada. In za a yi juyen baƙin mai, wajen lita 10 ko fiye yake sha, batir biyu gare shi, ga matatar mai da ake sauyawa a kai a kai. Tun 2007 dokar hayaƙi ta sa aka saka wa salansarsa matatar da ke kama baƙar toka, kuma ba ta wankuwa sai motar ta yi doguwar tafiya ta ɗau zafi ta ƙone ta. Bayan 'yan shekaru aka ƙara wani tanki na ruwan yuriya da ake fesa wa hayaƙin. In ya ƙare ba a zuba ba, kwamfutar motar da kanta za ta rage maka gudu. Wanda aikinsa kai yara makaranta da zuwa kanti, tafiyar minti goma, sannan ya ja ɗaki sau uku ko huɗu a shekara, wahalar da injin kawai yake yi, kuma bakanike ne zai ci ribar. Wasu na cire kayan hayaƙin gaba ɗaya. Laifi ne a dokar ƙasar, kuma ni ba na sayen motar da aka yi wa haka.

Masu neman ta hannu sukan yi rububin tsofaffin injuna na kafin dokar, wato Power Stroke mai lita 7.3 da Cummins mai lita 5.9, don an shaide su da juriya. Mai lita 6.0 da Ford ya yi amfani da shi daga 2003 zuwa 2007 kuwa, sai da bincike sosai, domin ya yi ƙaurin suna wajen ƙona gasket. Ko wanne ne, ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta. A jihohi irin su Ohio da Michigan gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, sai inji na nan garau amma tsatsa ta cinye ƙashin motar.

Irin waɗannan motocin sukan iso mana ta Legas da Kwatano, don haka 'yan kasuwar gida su lura: duk wadda aka ƙera bayan 2007 an yi ta ne don dizal mai tsafta ƙwarai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Gurɓataccen mai na toshe matatar, ya lalata famfo da nozul, kuma gyaransu ba na wasa ba ne. Lissafin ɗauka da ja kuwa bai bar mai Hilux da ke jan tankin ruwa ko janareta a baya ba.

Ga matsayata. Idan ɗakinka da kayansa bai wuce tan uku da rabi ba, kuma tafiyarka ta ƙarshen mako ce a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sayi babbar akori-kura mai fetur, ka adana kuɗinka. Ford da Ram da Chevrolet duk suna da manyan injunan fetur da aka yi don wannan aikin. Idan ya doshi tan biyar, ko kana yawan ratsa duwatsu, ko a kan hanya za ka riƙa yin watanni, dizal ya cancanci kuɗinsa, kuma ka tsallake kai tsaye zuwa 3500. Ka fara zaɓen ɗakin, ka san nauyinsa a cike, ka lissafa iyalinka da kayanka a takarda. Ranar da za ka je wurin dillali, ka tafi da takardar a aljihu, kuma kada ka sa hannu sai ka buɗe ƙofar motar da za ka ɗauka ka karanta da idonka.