Amurka: masu kare tsuntsaye sun nemi a kare su

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar ƙungiya mai zaman kanta, sunanta Audubon, wadda aka kafa tun 1905 domin kare tsuntsaye da wuraren zamansu. Shekara da shekaru, aiki a irin wannan gida abin alfahari ne: albashi kaɗan, aiki ba dare ba rana, amma mutum ya san alheri yake shukawa. Magabata sun yarda da wannan ciniki. Na bayansu, wato waɗanda aka haifa tsakanin 1981 da 1996, sun ce ba da su ba.

Dalilinsu a fili yake. Da yawansu sun fito jami'a da bashin kuɗin karatu a wuya, suka tarar tattalin arziki ya durƙushe a 2008, hayar ɗaki kuwa sai hawa take. Son tsuntsu ba ya sallamar mai gidan haya. Amma kukansu bai tsaya kan kuɗi ba. A ganinsu, ƙungiyar da ke yi wa gwamnati da manyan kamfanoni wa'azin adalci, ita ya kamata ta fara share ɗakinta. Tun 2014 binciken malama Dorceta Taylor ya nuna cewa waɗanda ba farar fata ba ba su wuce kashi 16 cikin 100 na ma'aikatan ƙungiyoyin kare muhalli na ƙasar ba.

To, wanzami ba ya son jarfa. A 2020, lokacin annobar korona, Audubon ta sallami ma'aikata da dama, kuma a watan Nuwamba jaridar Politico ta fallasa koke-koken cikin gida. Lauyoyin da ƙungiyar ta ɗauko da kanta don su bincika suka tabbatar akwai tsoro da ramuwar gayya a wurin aikin, musamman a kan mata da waɗanda ba farar fata ba. Shugabanta David Yarnold, wanda ke kan kujera tun 2010, ya sauka a 2021. A shekarar ce ma'aikata suka kafa sandika.

Sai kuma rigimar suna, wadda ta fi nuna inda zuciyar matasan take. John James Audubon, da aka haifa a 1785 a ƙasar da ake kira Haiti yau, ya girma a Faransa kusa da Nantes, ya shahara da zanen tsuntsayen Amurka. Gwani ne, ba musu. Amma ya mallaki bayi, ya saye su ya sayar. Ga dattijan ƙungiyar, suna jari ne da masu ba da taimako suka saba da shi. Ga yarinya baƙar fata da ke kai yaran lakwal kallon tsuntsaye, suna ne da take ɗauke da shi a ƙirjin rigarta kullum safiya.

A watan Maris na 2023 majalisar gudanarwa ta yanke shawarar riƙe sunan, mutum 3 daga cikinta suka ajiye muƙami. Sandikar ba ta jira ba: tuni ta cire Audubon daga nata suna, ta koma Sandikar Tsuntsaye. Rassan Seattle, Shikago da New York su ma suka sake nasu. Yarjejeniyar farko kan albashi da sharuɗɗan aiki kuwa, sai a 2024 aka sa mata hannu, bayan fiye da shekara 2 ana ja-in-ja.