Idan Rijiya Ta Fara Warin Fetur: Abin Da Masu Gareji, Gidajen Mai Da 'Yan Haya A Kudu Ya Kamata Su Sani

Yawanci daga wari abin yake farawa. Mai shayi zai ce ruwan da aka kawo masa yau da wani ɗanɗano-ɗanɗano. Masu alwala a masallacin gareji su ce kamar an wanke jarkar mai a cikin buta. Ɗan ga-ruwa kuma ya rantse cewa a bohal ɗin da ya saba ɗiba ya ɗebo. Sai a ce ai wataƙila jarkar ce, a bar maganar. Bayan wata biyu ko uku sai rijiyar maƙwabta ita ma ta ɗauka, mai gida ya kira taron masu unguwa, a fara neman wanda za a ɗora wa laifi.

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Mutanenmu da dama a Legas, Ibadan, Shagamu, Ogere, Benin, Onica da Fatakwal sana'arsu ta jiɓanci mai: direbobin tanka, masu gareji, 'yan bumburutu, masu wankin mota, makanikai, da waɗanda Allah ya buɗa wa suka kama hayar gidan mai. Wasu kuma ba ruwansu da mai, sun dai kama shago ko fili ne a wurin da aka taɓa sayar da shi. Duk waɗannan maganar ta shafe su, domin fetur ɗin da ya shige ƙasa ba ya tafiya don an daina ganinsa.

Ina fetur yake zuwa idan ya zuba?

Kashi uku yake rabuwa. Wani ya bi iska, shi ne warin da muke ji. Wani ya maƙale a jikin ƙasa, ya riƙa tsatsowa a hankali duk lokacin da aka yi ruwan sama. Sauran kuma ya yi ta nutsewa har ya tarar da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Da yake fetur bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a samansa kamar yadda man gyaɗa ke tasowa a kan miya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba a tsaye yake ba, yana gangarawa sannu a hankali, ya ɗauki man ya kai shi rijiyoyin da ke gaba. Shi ya sa tanki zai iya yoyo a filinka, amma wanda zai fara jin wari shi ne mai gida na uku ko na huɗu a bayanka.

A nan ne Kudu ta bambanta da gida. A wurare da yawa a Arewa sai an yi haƙa mai zurfi kafin a tarar da ruwa. A Legas da yankin Neja Delta kuwa, akwai unguwannin da gaba ɗaya ko biyu kawai za ka haƙa ruwa ya ɓullo, ƙasar kuma rairayi ce, ba ta riƙe komai. Ga ruwan sama da ya kusan ninka na Kano. Abin da zai ɗauki lokaci kafin ya kai ga ruwa a can, a nan cikin damina ɗaya sai ya isa.

Kada kuma a raina ɗan yoyo. Tankin da ke zubar da lita 5 kacal a rana, a shekara ya zubar da lita 1,825. Mai gidan man ba zai ma lura ba, zai ɗauka zafi ne ya shanye, ko yaran famfo ne suka yi masa hannu.

Haɗari biyu: wuta da cuta

Na farko kowa ya san shi, amma ba kowa ya san yadda yake aiki ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi. Yana taruwa a rijiya, kwata, kwalbati, ramin sokawe da ramin da makanikai ke shiga ƙarƙashin mota. Idan ya kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa: ashana, guntun taba, walda, tayar da janareta, ko kunna makunnin lantarki.

Na biyu shi ne wanda ba a gani. A cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini ga wanda ya daɗe yana shaƙa ko sha. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha, wato kashi goma cikin biliyan. Wannan adadi ya yi ƙanƙantar da hanci ba zai ji shi ba. Ma'ana, ruwa zai iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali ya wuce ƙa'ida. Idan har ka kai ga jin wari, to abin ya riga ya yi nisa.

Sannan a cire wani tunani daga rai: tafasa ruwan ba magani ba ne. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ruwan da ke da fetur idan aka ɗora shi a wuta, tururin ne zai cika ɗaki mata da yara su shaƙa. Alif ma laka kawai yake kwantarwa.

Darasi daga Baruwa da Ogale

Wanda ke zaune a Legas ba sai an kai shi nesa ba. A unguwar Baruwa da ke Ipaja, cikin ƙaramar hukumar Alimosho, tun a shekarun 1990 mazauna suka fara tarar da fetur a rijiyoyinsu, sakamakon yoyon bututun mai na NNPC da ya ratsa yankin. Rijiyoyi masu yawa suka tashi daga aiki, mutanen da ke da ruwa a tsakar gidansu suka koma saye, aka kuma shafe shekara da shekaru ana fama.

A ƙasar Ogoni ta jihar Ribas kuwa, rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a watan Agustan 2011 ya nuna cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiyar da benzin ɗin cikinsa ya ninka ƙa'idar WHO fiye da sau 900. Masu binciken sun tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Gaskiya ne waɗannan bututun gwamnati da na manyan kamfanoni ne, ba gareji ko ƙaramin gidan mai ba. Amma ƙasa ba ta tambayar daga ina man ya fito. Hanyar da ya bi a Baruwa ita zai bi a bayan shagonka.

Kafin ka biya kuɗin haya ko ka sayi fili

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Ejan zai nuna maka fili a bakin titi, shimfiɗe da siminti, farashi da sauƙi, ya ce ka yi sauri akwai wani mai so. Tsaya tukuna. Tambayi dattawan unguwar, ba ejan ba: me ake yi a wurin nan shekara goma ko ashirin da suka wuce? Idan tsohon gidan mai ne, ko wurin ajiye tankoki, ko inda ake juyen gas da kananzir, to tambaya ta gaba ita ce: an tone tankunan ƙasa ko suna nan a binne?

Zagaya da ƙafarka. Dubi ko akwai murfin ƙarfe a ƙasa, ko dogayen bututu siri-siri a tsaye a jikin katanga, waɗanda ta nan tankin ƙasa yake numfashi. Dubi inda ƙasa ta yi baƙi, ko inda ciyawa ta ƙi fitowa alhali ko'ina kore ne. In da hali ka koma bayan an yi ruwan sama, ka ga ko ruwan da ya kwanta yana ƙyalli kala-kala. Leƙa rijiyoyin maƙwabta, ka tambaye su ko suna sha.

Idan kuɗin da za ka zuba masu yawa ne, to a gwada ƙasa da ruwa a ɗakin gwaje-gwajen da hukuma ta amince da shi. Ka faɗa musu ƙarara cewa mai da benzin kake so a duba, domin gwajin ruwa na yau da kullum ƙwayoyin cuta da gishiri ya fi nema. Zai fi kyau su zo su ɗiba da kansu, saboda ruwan da aka zuba a gorar roba aka yi yawo da shi a rana, abin da ake nema ya riga ya fice.

Sakamakon kuma a sa shi cikin yarjejeniya. Lauya ya rubuta halin da ka tarar da wurin, da wanda zai ɗauki nauyin gyara idan tsohuwar ɓarna ta bayyana. Ƙa'idar ita ce wanda ya gurɓata shi zai biya, amma ranar da rigima ta tashi, wanda aka tarar a wurin shi ake fara riƙewa. In ba ka da takarda, da me za ka nuna cewa ba kai ba ne?

Ga wanda ya riga yana sana'ar

Mai gidan mai ya riƙa auna tankinsa da sanda kullum, safe da dare, ya gwada da abin da famfo ya sayar. Ɗan bambanci na yau sama gobe ƙasa ba komai ba ne. Amma idan kullum giɓi ne, mako bayan mako, kada ka tsaya zargin yara kawai, kira masu gwajin tanki da bututu. Haka idan ka fara samun ruwa a cikin tanki: ƙofar da ruwa ya shiga, ta nan mai yake fita. Tankin ƙarfe da ke binne a ƙasa mai damshi tsatsa na cin sa, sai dai sau da yawa yoyon daga mahaɗar bututu yake, ko ƙarƙashin famfo, ko bakin da tanka ke sauke mai.

Masu gareji da makanikai kuma, a daina juye ragowar tanka da baƙin mai a ƙasa ko a kwata. A yi daɓen siminti inda ake juye, a ajiye durom mai murfi. 'Yan bumburutu, don Allah jarka ba ta kwana a ɗakin da ake kwana, ba ta zama kusa da rijiya ko murhun mai abinci.

Idan abin ya riga ya faru

Da farko a kashe duk wata wuta, a tsayar da janareta da walda, a janye mutane, musamman yara. A kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112, a Legas kuma har da 767. Man da ke kwance a sama a tare shi da yashi, a kwashe a zuba a durom. Kada a kora shi kwata da ruwa da omo, wannan kai wa maƙwabta ne kawai. Kuma kada kowa ya zo da bokiti. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda mutane fiye da ɗari suka rasu wajen kwasar mai daga tankar da ta faɗi, ya ishe mu wa'azi.

Rijiyar da ta yi wari a rufe ta, a daina sha, girki, wanka da alwala da ita. Kada a tura yaro ya shiga yasa. Tururin da ke ƙasan rijiya yana sumar da mutum kafin ya iya kiran taimako, wanda ya bi shi ceto shi ma ya tafi.

Daga nan sai sanar da hukuma. Dokar da ta kafa NOSDRA a 2006, wato hukumar da ke sa ido kan malalar mai, ta wajabta wa wanda man ya zuba daga wurinsa ya kai rahoto cikin awa 24, ta kuma sa tarar naira 500,000 kan kowace rana da aka yi jinkiri. Gidajen mai suna ƙarƙashin NMDPRA, wadda ta gaji aikin tsohuwar DPR a wannan fanni bayan dokar man fetur ta 2021. Jihohi ma suna da nasu hukumomin muhalli, kamar LASEPA a Legas. A ɗauki hotuna, a rubuta rana da lokaci, a ajiye kwafin duk takardar da aka kai.

Gyaran kansa aikin masana ne. Sukan fara da toshe inda ke yoyo, su tsotse man da ke tanki, su tone ƙasar da ta ɓaci. Wani lokaci a baza ta a wurin da aka tanada, a zuba taki, a riƙa juyawa har ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su cinye man, abin da kan ɗauki watanni. Idan ya kai ga ruwa, sai an haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji, a riƙa yaɗe man da ke sama, a tace ruwan, a yi ta aunawa. Wannan shi ne mai cin kuɗi da shekaru. Abin da ba gyara ba ne shi ne a zubo tifa biyu ta jar ƙasa a shafe da siminti. Ido ne kawai aka rufe, man yana nan yana tafiyarsa.

Maganar zaman tare

Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Mu baƙi ne a garuruwan nan, ko da an haife mu a Sabo ko Agege. Idan rijiyar unguwa ta lalace aka gano daga garejin Bahaushe ne, ba sunan mutum ɗaya za a kira ba, cewa za a yi Hausawa sun ɓata mana ruwa. Mun kuma sha ganin yadda ƙaramar magana ke zama babba a kasuwanni.

Don haka wanda ya ga alama a wurinsa, ya riga kowa faɗa. Ya sanar da Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiyarsa, su je tare wurin mai filin da Baale ko shugabannin unguwa, a gaya wa maƙwabta su dakata da shan ruwan har a gwada. Akwai kunya, akwai asara, ba a musu. Amma wanda ya zo da bakinsa ya ce ga abin da ya faru, ana zama da shi a nemi mafita. Wanda ya ɓoye har yaran mutane suka sha na wata shida, ko ya biya tara, da wuya ya ci gaba da zama a unguwar.

Shugabannin garejoji da kwamitocin masallatai ma suna da rawar takawa. Duk bohal ko rijiyar da jama'a ke sha kusa da gidan mai ko wurin ajiye tankoki, a haɗa kuɗi a gwada ta ko da sau ɗaya ne a shekara, a manna sakamakon inda kowa zai gani. 'Yan ga-ruwa kuma, in kun ji ruwan wani wuri ya canza, ku daina ɗiba ku faɗa, domin ku ne kuke kai shi gidajen mutane.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.